Rariyar da Aka Bar wa Dogo

A ƙauyensu da ke gabas da Zakirai ba mai kiransa Ɗahiru sai liman. Dogo kowa ya sani. Manomin gero da dawa ne kamar kowa, sai dai yana da wata lalura tasa shi kaɗai: ba ya iya ganin ruwa ya kwanta ya ƙyale. Da bazara ta kama za ka gan shi da shebur a kafaɗa, wando a naɗe, yana bin kwata yana yashewa, tasa da wadda ba tasa ba. Matarsa Nana Hafsat takan ce in damina ta faɗi, kwata ta fi ta ganin mijinta.

Ba don neman suna yake yi ba. Gidansa a gangare yake, ruwan unguwa kaf ta wani siririn lungu yake bi, tsakanin katangarsa da kangon amininsa marigayi Jumma, kafin ya faɗa kududdufi. Wannan lungu shi Dogo ke kira rariya tun tasowarsa. A jikinsa kuwa ɗakin soron da mahaifinsa ya gina yake, na tubali da azara. A nan aka haife shi, a nan tsohon ya cika. Duk rani sai ya yi masa yaɓe da hannunsa, ba ya yarda wani ya taɓa.

Da Jumma ya rasu, Dogo ne ya ɗauki ɗansa Abdulhafiz ya haɗa da nasa. Kwano ɗaya suka ci. Bai taɓa kiransa da cikakken suna ba, sai dai "Hafizuna". Yaron ya girma ya shiga Kano harkar shanu, Allah ya buɗa masa, har ya sauke farali. Ranar da ya zo ya ce zai gina kangon mahaifinsa da bulo, duk garin ba wanda ya kai Dogo murna, kai ka ce shi za a gina wa.

To, yanzu gini ba ya tashi sai da izini. Wani ma'aikaci ya zo daga ƙaramar hukuma duba fili, aka tsaya gaban mai unguwa. Ya tambayi inda ruwa zai bi, ya tambayi ko maƙwabci na da magana.

Dogo ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo, Hafizuna. Ka bar rariya."

"Haba Baba, ko ba ka faɗa ba. Wallahi zan bar rariya."

Ma'aikacin ya dubi Dogo. "Ka amince ke nan, Malam?"

"Ɗana ne fa. Na amince."

A ranin nan ƙanen Dogo ya kwanta ciwo a Bici, ya tafi jinyarsa, bai dawo ba sai da hadari ya fara haɗuwa. Yana shan kwana ya tsaya cak. Babu lungu. Katangar bulo ta cinye shi, ta zo ta manne da bayan ɗakin mahaifinsa. An dai bar rariya kam, ba a yi rantsuwar banza ba: wani rami ne a gindin katangar, an zura masa bututu, bakinsa na kallon tushen ɗakin. Ruwan unguwa zai shiga gidan Abdulhafiz, ya haɗu da na rufin kwano, ya zame kan daɓen siminti, ya fito ta nan.

Dogo ya kira Abdulhafiz a waya, shi kuma ya ce, "Baba, sai na zo." Bai zo ba. Dogo ya hau mota ya je ofis, aka saurare shi da ladabi, aka ce izini ya cika, rariya akwai, maƙwabci ya amince gaban shaidu. Ruwan da ya shigo gidan mutum kuwa, fitar da shi haƙƙin mai gida ne. Wani ma har da tambayarsa ko nasa ɗakin yana da izini. Ɗakin da ya girmi ofishin da masu zama a ciki!

Ya yi abin da zai iya. Ya jera duwatsu, ya ƙara yaɓe, ya kwashe Nana Hafsat da kayanta zuwa rumfa. Rannan da la'asar, tsakiyar damina, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Dogo na tsaye a tsakar gida da shebur, karo na farko a rayuwarsa ba shi da abin yashewa. Yana kallo bangon ya jiƙe ya yi ciki, ɗakin ya durƙusa a hankali kamar tsohuwar saniya, azara ta biyo baya.

Washegari mutane suka cika ƙofar gida jaje. Sai ga Abdulhafiz da mota. Ya cire takalmi ya tsuguna.

"Baba, Allah Ya mayar da alheri. Amma a yi min adalci, kai ka ce in bar rariya, na kuma bari."

Wannan maganar ta fi faɗuwar ɗakin yi wa Dogo ciwo. Da baƙo ne sai a ce bai fahimta ba. Amma wannan a cikin lungun nan ya yi rarrafe, ya san abin da rariya ke nufi a bakin Dogo kamar yadda ya san sunansa. Ya sani sarai, ya zaɓi ma'anar da za ta ƙara masa faɗin ɗaki.

Dogo ya gyara zama, ya sunkuyar da kai yadda ake yi wa manyan baƙi.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Mun gode da jaje, Alhaji."

Daga cikin rumfa aka ji Nana Hafsat ta fashe da kuka.

"Baba, ni ne fa. Hafizu."

"Na gane ka, Alhaji."

Dogo ya miƙe ya ɗauki shebur ɗinsa. Hadari na sake haɗuwa, ruwa kuwa sai an ba shi hanya. Ya shiga cikin ɓaraguzan, ya fara haƙa kwata daga bakin bututun, ta daidai inda gadon mahaifinsa yake a da.