Taken da Habboba Ta Kasa Rerawa

Mu ba mu da murhu irin na ƙauye. Wutarmu ta hira ɗan kaskon gawayi ne na gasa kofi, wanda kakata ta ɗauko tun daga Sudan a naɗe cikin tsohon zane, ta ce gara a bar akwatin kayanta a hanya da a bar shi. A hawa na huɗu muke zaune, a unguwar Hadayek el-Maadi ta Alƙahira, ɗaki biyu da falo: ni, Baba, Umma, sai ita. Habboba muke ce mata, yadda yaran Sudan ke kiran kaka, ko da yake ita Hausa ce a bakinta daga safe har dare, Larabci kuwa sai in za ta yi faɗa da mai kayan miya.

A shekarar 2013, lokacin dokar hana fita, ƙarfe bakwai na yamma bawwab, mai gadin benenmu, yake ja ƙofar ƙarfe ya sa kwaɗo. Baba yakan shigo yana haki daga wurin wankin motoci, wani lokaci saura minti biyu. Daga nan shi ke nan, an rufe mu kamar kaji a akurki. Ga zafi, ga ɗauke wuta. Sai Habboba ta ja kaskonta bakin baranda bayan magariba, ta hura gawayi da murfin kwano, ƙamshin kofi da citta ya cika falon. Ba ta fara tatsuniya sai kofi ya tafasa sau uku. In na matsa mata sai ta ce, "Ke Ladidi, hanzarin me kike? Ina za ki?" Gaskiyarta, babu inda za ni.

An haife ta a wani ƙauye kusa da Haɗeja. Tana 'yar shekara goma iyayenta suka ɗauki hanyar Makka a ƙasa, suka bar ƙanenta Sale wurin goggonsu don yana fama da ƙyanda, a kan za su dawo. Ba su isa Makka ba, ba su kuma dawo ba. A Mai Wurno ta ƙasar Sudan suka tsaya, a nan ta yi aure, a nan ta haifi Baba. Duk tsawon shekarun nan tana yi wa Sale addu'ar mamaci.

Sai ga wani ɗalibi ɗan Haɗeja, Malam Auwalu, da Baba ya haɗu da shi a masallaci a unguwar Abbasiya. Ya je hutu gida, ya bi ƙauyuka yana tambaya, ya dawo da lambar waya. Sale yana raye! Ya tsufa, ya makance, amma yana raye. Ina nan zaune ranar da aka haɗa su. Habboba ta riƙe wayar da hannu biyu, abin da ta fara cewa bayan shekara sittin da wani abu shi ne, "Sale, har yanzu kana tsoron akuya?" Muka ji dariyar tsoho, sannan kuka. Ya ce, "Yaya, ki zo. Ba zan gan ki ba, amma ki zo in taɓa hannunki."

To, da wace takarda? Fasfonta na Sudan ya daɗe da mutuwa, kuma ba ta da ko ƙyallen da ya nuna inda aka haife ta. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da turare, Hajiya Asabe, ita ta kawo labarin da ya cuce mu. Ta ce a ofishin jakadancin Najeriya, inda ake ba da takardar komawa gida, duk wanda ba shi da shaida sai ya tashi tsaye ya rera taken Najeriya, in ya kasa a nuna masa ƙofa. Wai an yi wa wani haka. Wane ne wanin? Oho. Baba bai je ya tambaya ba, don shi ma izinin zamansa ya ƙare, ko inuwar ofis ba ya son takawa. Haka muka haɗiye maganar ɗanya.

Ni aka ɗora wa aikin, don ni ce mai 'yar ingilishi a gidan, shekarata goma sha ɗaya, kaina kuwa ya fi tukunya girma. Malam Auwalu ya turo wa Baba waƙar a waya, ni kuma na zauna na rubuta kalmomin da ajami a takardar makaranta, tunda baƙaƙen Larabci kawai Habboba ke karantawa. Kullum kafin tatsuniya sai an yi darasi.

Wayyo! Matar da ta haddace dogayen surori da waƙoƙin yabon Annabi da ba su ƙirguwa, sai ga layi ɗaya ya gagare ta. Kalmomin ba sa zama a bakinta, ta tauna wannan, ta haɗiye wancan. In ta kama layin farko, kafin na biyu muryar ta zame ta koma ta yabo. Akwai kuma wani wuri wajen ƙarshe inda waƙar ke hawa sama, nan kam muryarta tsagewa take yi, sai tari. Takan ce, "Wanda ya shirya wannan abu, ya taɓa ganin tsohuwa kuwa? Ai wannan sai soja mai ƙaho." Umma ta ce mata ma'alish, wato ba komai, a hankali za ta iya. Ni kuwa ba na cewa ma'alish. Cewa nake, "Sake. Habboba, sake!"

Wata yamma ta kai wurin hawan, muryar ta fita kamar ƙofa mai tsatsa. Na fashe da dariya har ina bugun tabarma. Na ce, "Wallahi in kika yi haka a gabansu, har masu shara sai sun yi miki dariya. Cewa za su yi ke ba 'yar ko'ina ba ce." Baba ya daka mini tsawa. Habboba ta naɗe takardar ta sa ƙarƙashin matashi, ta zuba kofi, ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri." Muka ce ta shigo mu ji ta.

Ta ce wani gari ne mai ganuwa da ƙofa ɗaya. In rana ta faɗi ana rufe ƙofar, duk wanda ya makara a gona sai ya tsaya ya rera waƙar garin, mai gadi ya buɗe masa. Waƙar kuwa ta daka ce, kowa ya sha ta tun a goye, har mai sanƙarar murya ya iya. Ana nan sai wata tsohuwa ta tafi jinyar 'yarta a wani gari, ta daɗe. A bayanta aka yi sabon sarki, ya ce waƙar daka ba ta dace da gari irin nasa ba. Ya kawo mawaƙi daga nesa, ya shirya wata doguwa mai hawa da sauka, cikin harshen da ko fadawa sai da suka yi wata uku suna koyo.

Tsohuwa ta dawo da almuru, da ƙunshinta a ka. Ta rera waƙar daka. Mai gadi ya leƙo ya ce ba ita ba ce. Ta ce, "Kai, ba ɗan wance ba ne? Ni na yi maka wankan farko." Ya ce, "Na gane ki sarai, Iya, amma ki rera." Ya rera mata sabuwar, ya ce ta maimaita. Ta gwada, ta kasa, ya ce ta sake. Haka ta kwana a gindin ganuwa, tana jin ƙamshin miyar gidanta.

Ashe akwai kura da ke laɓe a bayan kuka kullum yamma, ba ta da aikin yi sai saurare. Ta haddace waƙar tsaf, har wurin hawan. Ta zo ta rera, mai gadi ya ce madalla, bai taɓa jin wanda ya iya haka ba, ya buɗe mata. Ta kwashe awaki ta fita ta gaban tsohuwa, har da yi mata sannu da hutawa.

Nan Habboba ta tsaya, ta shiga tona gawayi. Na ce, "Sai me? Tsohuwar fa?" Ta ce, "Tana nan." Na ce a ina? Ta ce, "A bakin ƙofa mana. Khalas, ta ƙare, a kashe wuta." Na ji haushi, na ce wannan ba tatsuniya ba ce, tunda ba a kashe kurar ba. A tunanina na lokacin, mai gadin nan mutumin ofis ne da za mu je wurinsa, har na tsane shi ban gan shi ba.

Daga ranar ta daina darasi da ni. An ɗage dokar hana fita, bawwab ya daina sa kwaɗo da wuri, amma Habboba ba ta taka ƙofar ofishin ba. Baba ya roƙe ta. Ya ce, "Inna, mu je kawai, ni zan raka ki, ko kama ni za su yi." Ta ce, "Sai na iya. Ba zan tsaya gaban sa'an jikata in buɗe baki a yi mini dariya ba. An yi mini a gida, ya ishe ni." Ina bayan labule na ji, na kuma san da wa take. Kunya ta hana ni ba ta haƙuri, girman kai ya taya kunyar.

Ba ta daina gwadawa ba, ɓoyewa kawai ta yi. Nakan dawo daga makaranta in ji ta a kicin, ta buɗe famfo don ya rufe muryarta, tana ta kokawa da wurin hawan nan. Da ta ji motsina sai ta koma tasbihi. Duk Juma'a Sale yana bugowa. "Yaya, yaushe?" Ita kuma, "Saura kaɗan, ina shiri."

Wata Juma'a da sanyi aka bugo, amma ba muryarsa ba ce. Habboba ta saurara, ta yi salati, ta miƙa wa Baba wayar ta ce, "Goge waƙar nan." Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Shekara ɗaya da 'yan watanni ta bi shi, a nan Alƙahira aka binne ta, a maƙabartar da ko sunan unguwar ba ta iya faɗa daidai ba.

Na girma. Da na tashi zuwa ganin dangi, na je ofishin nan, taken a bakina daga farko har ƙarshe. Wani dattijo mai farin gilashi ya tambaye ni sunan ƙauyen kakata, da sunan mahaifinta, da wanda zai tsaya mini a can. Ya saurari Hausata, ya yi murmushi, ya faɗi takardun da zan kawo. Na zauna ina jira. Ya ce, "Akwai wani abu ne, 'yata?" Na ce, "Ba za a ce in rera ba?" Ya cire gilashi ya dube ni. "Ki rera me?"

A ƙauyen na sauka wurin Goggo Talatu, 'yar Sale. Wata safiya rediyo ya sako taken tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Na tambaye ta ko mahaifinta ya iya shi. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba? Wane shi! In ya ji wannan kiɗan cewa yake a ƙaro murya, labarai sun kusa." Na bi gidan kaf, matan aure da tsofaffi, ban samu mutum ɗaya da ya iya kaiwa ƙarshe ba sai 'yan firamare, su ma ihu suke a wurin hawan. Duk suna zaune a ƙasarsu, ba wanda ya taɓa ce musu su tashi.

Yanzu in na ji ana musu wai taken ƙasa ya yi wa talaka wuya ko bai yi ba, ba na sa baki. Ya yi wuya mana, amma ba wuyarsa ce ta hana Habboba taɓa hannun ƙanenta ba. Na daɗe ina ɗora wa Hajiya Asabe laifi, na ɗora wa tsoron Baba, na ɗora wa mawaƙin da bai taɓa ganin tsohuwa ba. Sai da na haura ashirin na yarda da abin da ta gaya mini a gaban kowa, a bakin kasko, ba tare da ta kira sunana ba. Ita ta yi mini wankan farko. Babu mai gadi a ofishin, a falonmu yake, yana da shekara goma sha ɗaya, yana riƙe da takardar ajami yana cewa ta sake.