Kakanni Huɗu da Kwalbar Miyau

Duk tsufan da zan yi, ba na jin zan manta da Talatar da muka je karɓar miyau a wani ƙauye na ƙasar Gwashi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, domin mutanen suna nan da ransu, wasunsu ma suna zuwa cin kasuwar Anka. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yi mini dariya idan kun ga na riƙe takarda ina juya ta gaba da baya kafin in sa hannu. To daga ranar nan na samo wannan hali.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne, wato mu ne masu ɗibar jini da fitsari mu duba abin da ke damun mutum. Ɗan Gummi ne ni, amma a Anka na yi yawancin aikina. A shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara a Dareta da wasu ƙauyuka, ina ƙaramin ma'aikaci, kuma ina cikin waɗanda suka riƙa bin gari gari suna ɗibar jinin yara. Tun daga lokacin mutanen karkara suke kirana Likita, ko da yake ni ba likita ba ne. Shekaru bayan haka, na zama babba a ɗakin gwajinmu, sai shugaban asibiti ya kira ni ofis ya miƙo mini wasiƙa. An ba da arona na mako biyu ga wata malamar jami'a, Dokta Rabi, mai bincike a kan tarihin ƙaurar mutanen dā.

Da ta zo, ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce a cikin ƙwayoyin halittar kowane mutum akwai gadon da ya karɓo daga uwa da uba, su ma daga nasu iyayen, haka har can baya. Idan aka gwada na mutanen wurare daban-daban, ana iya gane hanyoyin da kakannin kakanni suka bi tun zamanin da babu rubutu: waɗanda suka gangaro daga arewa, waɗanda suka biyo shanu daga yamma, da inda suka haɗu. Ba a bukatar jini. Mutum zai tofa miyau a 'yar kwalba, a rufe, a manna lamba.

Ni dai ban yarda da ita ba, kuma ban ɓoye mata ba. Na ce, "Dokta, miyan nan ina za shi? Wa ke riƙe da makullin inda za a ajiye shi? In wani ya ce a ba shi na wane, za ku ba shi?"

Ta yi murmushi ta ce, "Malam Bala, babu suna a jikin kwalba, lamba ce kawai. Kuma duk wanda ya bayar, in ya canza ra'ayi, yana da ikon ya karɓi abinsa."

Sau uku na karanta takardar neman amincewa ina neman inda aka ɓoye tarko, ban samu ba. Ashe shafin da ya kamata in zuba wa ido shi ne na baya, wanda na ɗauka ba komai ba ne. A can aka rubuta ƙa'idar zaɓen mutane: ba za a karɓi miyan kowa ba sai wanda kakanninsa huɗu, biyu na wajen uba biyu na wajen uwa, duk ƙabila ɗaya ne kuma 'yan yankin ne. A wajen masu binciken wannan tsari ne kawai, don sakamako ya fito a sarari. Na karanta, na gyaɗa kai, na wuce.

Mun isa ƙauyen da hantsi, bayan an gama yankan gero. Magaji, wato mai garin, ya san ni tun lokacin dalma, shi ya sa ma ya saurare mu. Dattijo ne mai tsawo, ba ya gaggawar magana. Ya ce, "Likita, jinin da kunka ɗiba wancan karo mun ga amfaninai, ɗiyanmu sun tashi. To miyau hwa? Mu nan ko ƙasa munka tohwa sai mun tura mai ƙasa da ƙahwa."

Na rantse masa cewa babu boka a cikin lamarin, na maimaita masa maganar Dokta, cewa wanda ya so karɓar nasa zai karɓa. Sai ya ce shi zai fara. Aka kafa tebur a gindin tsamiyar ƙofar gidansa. Wahalar farko da muka sha ita ce goro, domin sai mutum ya yi rabin awa bai ci komai ba kafin ya tofa, dattawa kuwa suna ganin wannan zalunci ne.

Tsarin aikin shi ne, mutum ya zauna a kujera, in yi masa tambayoyi huɗu a hankali yadda na layi ba za su ji ba. Uban ubanka wace ƙabila, ina aka haife shi? Uwar ubanka fa? Haka har huɗu. In ya cika ƙa'ida, Dokta ta ba shi kwalba ya koma gefen dama ya tofa. In bai cika ba, mu yi masa godiya, mu ba shi sabulu kamar kowa, ya tafi. Mun rufe tambayoyin daga kunnen jama'a, amma ba mu rufe kwalbar daga idonsu ba.

Dole in gaya muku halin da ake ciki a shekarun. Ana satar shanu, ana ɗaukar mutane a hanya, kuma kalmar da ta fi kowace haɗari a bakin mutane ita ce infoma, wato mai kai wa 'yan daji rahoto. Duk wanda aka san yana da dangi a ruga, ana kallonsa da wutsiyar ido, ko da a garin aka yanke masa cibiya. Matasan garin sun kafa ƙungiyar sa-kai, shugabansu wani Garba, wanda ya zo tun farko ya ba da miyansa, sannan ya zauna a kan wani gungume da bindiga a cinya yana kallon layi.

Mutum na tara ko na goma shi ne Malam Umaru, ladanin masallacin garin, ɗan siririn dattijo mai tsabta. Da na zo kan uwar uwarsa, ko ɗar bai yi ba ya ce, "Bahillata ta, daga rugar bakin gulbi anka auro ta. Ita tag goye ni." Na rubuta, na yi masa godiya, na miƙa masa sabulu. Ya dubi kwalaben ya dube ni, ya tashi ya tafi. Kafin shi mun sallami mutum biyu.

Daga nan ban sake sallamar kowa ba, kuma abin ya tsaya mini a rai. Kowa ya zauna, amsa ɗaya ce, Bahaushe ne, nan aka haife shi. Wani ma ban gama gaishe shi ba ya ce, "Duk huɗun Hausawa na, Likita." Na ce a raina, yau ga garin da ba a taɓa auro baƙuwa ba tun da aka kafa shi. Dokta kuwa sai murna take yi, akwati yana cika.

Da azahar aka kira salla, sai na ji muryar ba ta dattijo ba ce. Na tambayi wanda ke alwala kusa da ni ina ladan. Ya waiga hagu da dama, sannan ya ce 'yan sa-kai sun ce ya zauna gida har a bincika. Magana ta zaga gari cewa mun zo da injin gane asali, kuma injin ya ƙi mutum uku. Biyun farko kowa ya san baƙi ne da suka zo haƙar zinariya, ba wanda ya damu da su. Amma ladan? Sai aka tuna cewa makon jiya an kore shanun gari jim kaɗan bayan kiran asuba. Wai kiran sallar nasa alama ce yake ba na daji.

Na san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma, kuma korarsa daga gari ita ce mafi sauƙi a ciki. Ni ne na miƙa masa sabulun nan da hannuna.

Muna komawa tebur Garba ya taso, matasa biyar a bayansa. Ya ce, "Likita, ba mu takardar Malam Umaru mu gani. Mi injinku yag gani gare shi?"

Na ce babu wani inji a nan, kuma takardar mutum amana ce, ko Magaji ba zan ba shi ba. Ya ce, "To in babu komi, don mi kunka hana mai kwalba?" Dokta ta matso ta raɗa mini cewa mu haɗa kaya mu tafi. Ban ga laifinta ba, tsoro ne. Amma na san in motarmu ta tashi, hukuncin da muka yanke ba da saninmu ba zai zauna a garin.

Sai na zagaya tebur na zauna a kujerar da ake yi wa mutane tambaya. Na ce, "Dokta, yi mini tambayoyin nan huɗu, ki ɗaga murya kowa ya ji."

Ta dube ni kamar na zautu, amma ta yi. Uban ubana, Bahaushen Gummi. Uwar ubana, na ce Bafulatana ce, kuma har ta rasu da Fulatanci take yi mana faɗa. Uban uwata Badakkare ne daga wajen Zuru, noma ya kawo shi. Uwar uwata kuwa, ita kanta ba ta san inda aka haife ta ba. Ban taɓa faɗin wannan a gaban taro ba, ko matata ba ta san na ƙarshen ba. Na ce, "Dokta, na ci ko na faɗi?" Ta ce a hankali, "Ba ka cika ƙa'ida ba." Na ɗauki sabulu ɗaya na ɗaga sama na ce, "Kun ji injin. Tambaya ce huɗu, kuma abin da mutum ya faɗa da bakinsa muke rubutawa. Ni da na ɗebi jinin 'ya'yanku, ni ma ba a ba ni kwalba."

Ban san ko na gyara ba ne ko na ƙara kaina a cikin waɗanda za a bincika. Garba bai ɗauke ido daga kaina ba.

Magaji ne ya yi gyaran murya daga kan buzunsa. Ya ce, "Likita, kun ce wanda yas so amsar nashi shina iya amsa?"

Na ce, "Awo, ranka shi daɗe."

Ya miƙo hannu. "To miƙo min miyauna. Ƙarya niy yi maka da sahe. Wadda tah haihi ubana Bahillata ta, kuma tsohin garin ga duk sun sani."

Na duba lamba ta ɗaya na ba shi. Ya sa kwalbar a aljihun rigarsa. Can sai wani manomi ya taso yana sosa ƙeya, ya ce shi ma a ba shi tasa, kakarsa Bazabarma ce. Wani ya biyo shi. Wanda ya ce mini duk huɗun Hausawa ne ya zo yana dariyar kunya, aka yi masa ihu. Ba kowa ya taso ba, wasu sun zauna fuska a ɗaure, kuma na san a cikinsu akwai masu gaskiya. Sai wani tsoho mai sanda ya ce a ba shi tasa, shi uwarsa ma a ruga aka haife ta. Ban gane dalilin da ya sa kowa ya juya yana kallon Garba ba, sai da aka raɗa mini cewa tsohon nan kawunsa ne, wan uwarsa ciki ɗaya. Garba ya saɓa bindigarsa ya bar wurin.

Magaji ya aika a kira Malam Umaru, shi ya kira la'asar. Akwatin Dokta ya koma bai kai rabi ba, aikin yini guda ya lalace. Na zaci za ta yi fushi da ni, sai ta ce da ta tafi da akwatin nan a cike, da ƙarya za ta kai ɗakin bincike ta rubuta ta a matsayin tarihi. Daga ranar ta canza tsari. A sauran garuruwan Bukkuyum da Gummi, a cikin ɗaki muka riƙa ganin mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa ya shigo sai an ba shi kwalba ya tofa, tace waɗanda suka cika ƙa'ida kuwa sai an koma ofis.

Za mu tashi, Garba ya zo jikin tagar mota ya miƙo hannu, bai dube ni ba. Na nemo lambarsa na sa masa kwalbar a tafin hannu. Ba zan ce muku zargi ya ƙare a garin ba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne Malam Umaru ya ci gaba da kiran sallarsa.

Shi ne na ƙarshe da ya yi mana sallama. Ya riƙe hannuna ya ce, "Likita, in tambaye ka. Da na yi ƙarya da sahe, da kun ba ni kwalba?"

Na ce, "Da mun ba ka, Malam."

Ya jinjina kai ya ce, "Ashe takardar taku mai gaskiya taka kora."

Abin da nake so ku riƙe ke nan. A aikinmu muna lura da abin da muke faɗa wa mutum, mu manta da abin da na layi suke gani. Kwalba, ko kati mai launi daban, ko ƙofar da aka nuna wa wani ba a nuna wa wani ba, duk magana ce, kuma gari zai fassara ta da tsoron da yake ciki. Shi ya sa duk takardar da aka kawo mini, nakan juya bayanta in tambayi wanda ya kawo: wa za a sallama, kuma a gaban wa? Na taɓa sallamar dattijo da sabulu a hannu don ya faɗi sunan wadda ta goye shi, saura kaɗan in sa a kashe shi.