Labbo, Mai Unguwar Kangaye

Duk shekarun da na yi ina kabu-kabu tsakanin Jega da ƙauyuka, ban taɓa ɗaukar fasinja mai taurin kan Baba Labbo ba. Shi ne mai unguwar Tungar Waliyyu, sarautar da ya gada wurin mahaifinsa tun muna jihar Sakkwato. Yana zaune kan buzunsa aka yi jihar Kebbi, aka ba Maiyama ƙaramar hukumarta, aka ba Aliero tata, Tunga ta tsinci kanta can kusurwar iyaka, nesa da titi. Rijiya ta ƙafe, matasa suka bi kwalta, tsofaffi suka kwanta dama ɗaya bayan ɗaya, har da matarsa Hussaina. Aka bar Labbo da kangaye da maƙabarta.

Tsarin kuwa kowa ya san shi. Mai unguwa ya kai wa hakimi labari, hakimi ya kai wa uban ƙasa, shi kuma ya sanar da ƙaramar hukuma. Manoman albasa sun daɗe suna haɗiyar yawu kan fadamar Tunga, wadda maƙabartar ke bakinta. Hakimi Abdulbasit ya ba su amsa ɗaya: muddin mai unguwa na zuwa gaisuwar Juma'a da labarin garinsa, Tunga gari ce, ba wanda zai sa mata garma. Ran da ya daina zuwa, sai a sanar da na sama cewa Tunga ta tashi, a raba filin.

Shi ya sa Labbo bai taɓa fashi ba, ko da zazzaɓi na kaɗa shi. Ni nake zuwa ɗaukarsa da hantsi, kuma kullum sai ya ɓata mini lokaci. Kafin ya hau babur sai ya bi kangayen nan ƙofa ƙofa yana sallama, ya tsaya ya karkata kunne, ya gyaɗa kai, ya wuce gaba. Da farko dariya nake, har nakan ce, "Baba, yau mi talakawanka sunka ce?" Na bar tsokanar ran da na ji ana daka a gidan Malami, gidan da rufinsa ya faɗi tun ina yaro. Na ja da baya. Labbo ya gyara rawani ya ce, "Kak ka damu, ba ruwansu da baƙi."

Wata Juma'a bayan kaka na tarar da shi jingine da itacen gawon ƙofar gidansa, ya naɗa rawani, ya sa takalmi, jikinsa ya riga ya yi sanyi. Na yi kuka wallahi, don na saba da tsohon nan, kuma na san garma ta kusa kabarin Hussaina. Na lulluɓe shi, na zuba gudu sai zauren hakimi.

Ban ko buɗe baki ba hakimi ya ce, "Kai kuma ina ka tsaya yau, kab bar tsoho yaz zo da ƙahwa? Yanzu yat tashi nan."

Na dubi fadawa, kowa ya gyaɗa kai. Ga buzun baƙi a shimfiɗe, ga kwanon ruwa an sha rabi. Da ƙyar na ce, "Ranka shi daɗe, mi yac ce?"

"Cewa yay yi Tunga lahiya lau, shi dai ya canza ɗaki, ya koma kusa ga Hussaina. Wai sai wata Juma'a."

Da la'asar muka rufe shi a gefenta. Masu albasa suka zo washegari, hakimi ya ce su dakata a ga Juma'a. Har yau ba a raba fadamar ba. Na taɓa tambayar wani bafade ko wani na zuwa, sai ya ce shi dai buzu yake shimfiɗawa ya fita, kuma daga waje yakan ji hakimi na amsa gaisuwa.