Kalandar Ilarion da Mai Tsagen Kunne

Ilarion Ursaki mutum ne da in ka gaishe shi da fara'a sai ya shafa aljihu ya ji ko wuƙarsa tana nan. Shekara talatin da takwas ya yi yana aikin gandun daji a tsaunukan Bukovina, yana bin sawun ɓarayin katako, har ya kai ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Abu biyu kawai ya amince wa a duniya, watan sama da matarsa Domnika. Ita ma ɗin, in ji 'yan ƙauyen, bayan watan take zuwa.

A ƙarƙashin gadonsa akwai akwati cike da tsofaffin kalandun coci. Tun yana saurayi, duk ranar da ya ga barewa sai ya ɗiga alama kusa da ɗan zanen watan ranar, ya rubuta ƙarfe nawa ne. Daga nan ya fitar da karatunsa. In wata ya cika, bareyi kwana suke yi suna kiwo cikin haske, kafin asuba sun ƙoshi sun kwanta, ba sa sake miƙewa sai rana ta kusa tsaka. Sauran maharba su yi sammako, raɓa ta jiƙa su a banza, su dawo suna zagin iska. Shi kuwa sai ya ci tuwon masararsa da cuku a natse, sai da hantsi ya saɓa bindiga. Domnika ta tare shi a bakin ƙofa da bokiti cike da ruwa, yadda ake yi wa mai fita nema don ya yi sa'a. Kafin la'asar a ji ƙara ɗaya daga kan tudu. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da ɗa namiji. Sunan nan kawai yake da shi a kwarin, na mutumin da wata ke gaya wa magana.

Da ya haura saba'in gwiwa ta fara ba shi matsala. 'Yarsu Rodika, mai aikin jinya a birnin Suceava, ta matsa lamba su koma wurinta, ta ce ga ɗaki nan ta gyara a hawa na huɗu. Ranar Ista ta sake tayar da zancen a gaban baƙi, har ya ƙosa. Ya ɗora hannu a kan burodi ya ce, "Bari in kayar da Mai Tsagen Kunne. Ranar da na sauko da shi, ki turo mota." Kowa ya san Ilarion ba ya tayar da maganarsa. Mai Tsagen Kunne kuwa wani tsohon namijin barewa ne da ke shan gishirin da Ilarion ke ajiyewa a wani kututture can saman tudu. Da shi yake so ya rufe littafi, ya sauka birni da sunansa a hannu.

Da kaka ta zo, mazan barewa suka fara ruri, ƙungiyar maharba ta ba shi takardar izini. Ya zagaye ranar cikar wata da jan fensir a kalandar kicin, ya hau, ya zauna daga hantsi har inuwa ta juya. Ko tsuntsu bai gifta ba. Ga sawu nan sabo na shekaranjiya, amma na jiya babu. Shekara ta zagayo, aka maimaita haka sak. A shagon ƙauye matasa masu ɗaura kyamara a jikin itatuwa suka samu abin yi.

"Baba Ilarion, ko dai watan ne ya canja lamba bai gaya maka ba?"

Shi ya riga ya san wata ba ya ƙarya, mutum ne ke yi. Wani ne ke riga shi hawa yana korar naman, kuma wanin nan ya san ranar. Ya bi 'yan ƙauyen ɗaya bayan ɗaya a ransa, har limamin coci bai tsira ba, daga ƙarshe ya tsaya a kan maƙwabcinsa Gavril mai kiwon zuma, uban baftismar Rodika. Ya tuna wata rana Gavril ya shigo aron zarto, ya daɗe tsaye a gaban kalandar. Ya kuma tuna matar Gavril ta taɓa gifta masa da bokiti ba ruwa, alamar rashin sa'a. Ya same shi a bakin shinge.

"Me ka tsaya karantawa a bangon kicin ɗina?"

"Wane bango kuma?"

"Kada ka raina mini hankali, Gavril. Bara, ranar zarto."

"Kai, wannan tsoho! Ranar azumi na duba. Ni da ko zomo ban taɓa harbi ba, me zan yi da barewarka? In sa ta tsaron zuma?"

"Wa ya aike ka? Yaran kyamara?"

"Je ka sha magani, mutumina. Ba a gwiwa kaɗai ciwon yake ba."

Daga ranar aka daina gaisawa, bayan shekara hamsin ana cin abinci a faranti ɗaya. Ilarion ya cire kalandar daga kicin ya rataye ta a ɗakin kwana, inda daga shi sai Domnika ke shiga. Ita dai sai ta riƙa miƙa wa matar Gavril ƙwai ta bayan gida.

A kaka ta uku shugaban ƙungiya ya ba shi takardar yana sosa ƙeya, ya ce wannan ce ta ƙarshe, akwai masu jira. Ilarion ya zagaye ranarsa. Ana gobe ranar ya sa rigar fita, ya ce wa Domnika zai je likita ya duba masa gwiwa. Ya bi hanyar tashar mota, da ya sha kwana sai ya ratse ta bayan maƙabarta ya hau tudu. Ya shige cikin wani kurmi daura da kututturen, iska na busowa daga gabansa, ya zauna yana shirya baƙaƙen maganganun da zai gasa wa Gavril.

Rana ta ɗan ɗaga sai ya ji tafiya. Mai tafiyar na yin taku goma ya tsaya ya huta. Can ɗankwali ya ɓullo, sai kwandon tsintar ganyen shayi. Domnika ce, dafe da cinya, tana haki.

Ta ajiye kwandon, ta jiƙa yatsa ta ɗaga sama ta ji inda iska take, daidai yadda yake yi. Ta fito da tsummoki shuɗɗa, ya gane su nan take. Tsohuwar rigar aikinsa ce da ya yi ta nema, ta ce masa ɓeraye sun cinye. Ba a wanke ta ba. A cikin kowane tsumma ta ƙunsa gashin kansa, wanda take aske masa ran Asabar. Ta bi ƙananan rassa tana ɗaurewa ta ƙasa, inda ido ba zai gani ba amma hancin barewa zai ji tun daga nesa. Da ta gama ta yi alamar gicciye, ta dubi dawa, ta yi wa Mai Tsagen Kunne magana.

"Ka yi nisa, tsoho. Ka ƙara mana shekara ɗaya."

Ta ɗauki kwandonta ta gangara a hankali.

Da farko ran Ilarion ya ɓaci ƙwarai, don shekara biyu ana yi masa dariya a shago, ashe daga ɗakinsa abin ke fitowa. Sai kuma ya tuna zuwansu Suceava. Kwana uku ta yi tsaye a bakin taga tana murza hannuwa, ba kaza, ba saniya, ba wanda za ta kira ta kan shinge. Ba ta taɓa ce masa ba ta son tafiya ba, shi ma bai taɓa tambayarta ba. Ya rantse a kan burodin da ita ta gasa, ko kallonta bai yi ba. Kunya ta kama shi.

Ya taso ya kwance tsumma ɗaya. Ga hadari yana haɗuwa. In ya kwashe su duka, ruwan yamma zai wanke warin, gobe da tsakar rana Mai Tsagen Kunne zai zo gishiri, karatunsa ya tabbata a gaban kowa. Ya juya tsumman a hannu. Ɗaurinta ya yi sako-sako, yatsunta sun daina ƙarfi. Ya mayar da shi kan reshen, ya ɗaure tamau.

Washegari ta tare shi da cikakken bokiti. Ya hau, ya zauna, ya sauko. Bai bi ta gida ba, shago ya nufa, ya ajiye takardar a gaban shugaban ƙungiya.

"Ku ba yaran. Karatun nawa kuskure ne, barewa ba ruwanta da wata."

Ya sayi kwalbar giya ɗaya, ya je ya tsaya a shingen Gavril har sai da Gavril ya gaji da yin kamar bai gan shi ba.

Da ya shiga gida Domnika na tuƙa tuwo, ta ba shi baya.

"Bai zo ba?"

"Bai zo ba. Na mayar musu da takardar, ba zan sake hawa ba. Ki gaya wa Rodika alkawari yana nan, ranar da na sauko da shi ta turo mota."

Muciyar ta tsaya cak a cikin tukunya. Ya zauna yana cire takalmi, bai dube ta ba.

"Abin da ya rage na shuɗiyar rigar nan, ki wanke shi, tsohuwa. Tudun ya yi wa ƙafarki tsawo."