Ƙasar da Aka Zuba a Kududdufinmu

Mahaifina magini ne, kuma tun ina yarinya ya koya mini cewa gidanmu daga kududdufin bayan gida ya fito. Can aka haƙi ƙasar tubali, can ake ɗiba duk shekara a yi yaɓe kafin damina. Idan sama ta zubo, ruwa ya bi indararo ya sauka lungu, sai ya gangara ramin da ƙasar ta bari. Haka unguwanninmu na cikin Birnin Zariya suke. In babu ramin, ruwa a gindin katanga zai kwana, katangar ƙasa kuwa ba ta jure wannan.

Bayan na yi ritaya daga koyarwa, maigidana ya rasu, na dawo gidanmu da zama. A shekarar ne aka ce ministan muhalli zai zo unguwarmu dashen itatuwa. Wallahi na yi murna. Ruwa ya canza hali a shekarun nan, na wata guda sai ya zubo a yini ɗaya, kuma na ji a rediyo cewa ambaliya da zafi da hamada duk kula da su aikin ministan ne. Na ce to, ga wanda zai gane matsalarmu.

Ashe 'yan kwamitin tarba na unguwa kunyar kududdufin suke ji. Wai ƙazanta ne, leda da sauro. Ledar kam tana nan, mu muka zuba ta. Amma maimakon a kwashe, sai suka yanke shawarar a cike ramin da jar ƙasa, a kafa rumfa a kai, minista ya dasa bishiyarsa.

Da hantsi na ji ƙarar tifa. Kafin in nemo mayafi, tifa uku sun juye ƙasa a ramin. Na ɗauki tabarma na je na shimfiɗa daidai inda ta huɗu ke ja da baya, na zauna. Shugaban kwamitin ɗalibina ne a firamare, yanzu ya zama Alhaji har da tumbi.

"Malama, don Allah ki tashi, kar ki ba mu kunya," in ji shi.

"Alhaji, ruwan ina za ka kai shi? Ɗakin Hajiyarka?"

"Za a yi kwalbati daga baya."

"To, in an yi ka zo ka same ni nan."

Kwana uku ina fita da sassafe, ba na komawa sai magariba. Matan lungu suna aiko mini da kunu, wasu maza kuma suna cewa tsufa ya fara taɓa ni. Na ji tsoron tifar nan, ba zan ɓoye ba, amma haushi ya fi tsoron yawa.

Ranar taro aka kafa rumfa a gefen da aka cike. Minista ya hango tsohuwa a kan tabarma, ya tambaya, dole aka kawo shi wurina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, an ce kai ke kula da ambaliya. Ramin nan shi ke riƙe mana ruwa tun ba a haife ka ba, kuma saboda zuwanka aka fara cike shi."

Ya dubi indararon gidaje, ya dubi ramin, ya ce wa kwamiti kada a ƙara ko shebur ɗaya. Wannan na yaba masa. Sai dai ba wanda ya ce a kwashe wadda aka riga aka zuba. Ya dasa bishiya, aka tafa, motoci suka tafi.

Cikin Agusta aka wuni ana sheƙa ruwa. Kududdufi ya cika da wuri, ruwa ya dawo lungu ya kwana biyu a gindin katangarmu. Da la'asar ɗakin da mahaifina ya gina da hannunsa ya zube. Na yi kuka sosai.

Alhaji ya zo jaje, wai zai sa sunana a cikin masu karɓar tallafi. Na ce ya bar sunana inda ya gan shi. Na kira magina, na kai su bakin kududdufi, na nuna musu jar ƙasar kwamiti. Da ita aka kwaɓa tubalin sabon ɗakina. Tun daga nan duk wanda katangarsa ke son yaɓe can nake tura shi, kuma bana ramin ya kusa komawa zurfinsa na da.