Yatsan da ya daina jin wuta

Na manta abubuwa da yawa, har shekaruna ban san adadinsu ba, amma kwana ukun da na yi ina ɗumama wa jikata nonon uwarta ba za su fita raina ba sai ran da aka rufe ni da ƙasa.

Shekarar da aka ce Turawa sun miƙa mulki ne. Mu a ƙauyenmu na bayan Zagga ba mu ga abin da ya sake ba, sai dai maza suna ta zancen a bakin masallaci, mu kuwa daka bai ragu ba. A shekarar ce matar ɗana ta haihu. 'Yar Dandawa ce daga ƙetaren iyaka, ƙasar Faranshi, yarinya marar yawan magana. Ni kuma a lokacin ba a motsa tsinke a gidan ban gani ba. Haka Allah ya yi ni, ba na ɗauke ido.

Ko arba'in ba ta yi ba nononta ɗaya ya kumbura ya yi ruwa, ɗayan kuma kansa ya tsattsage har jaririyar ba ta iya kamawa sai da jini. Aka kai ta asibitin Bagudo aka tsaga, aka ce kullum ta dawo wankin ciwo da allura. Can aka ba ta kwalba mai bakin roba, irin wadda yaran yanzu ke ce wa fida. Da safe sai ta tatse wanda ba a tsaga ba a ciki tana cije leɓe, ta rufe, ta tsoma gindin kwalbar a kaskon ruwan randa don ya yi sanyi, ta hau jaki mijinta ya ja. Jaririyar sai a bar mini.

Ranar farko ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Inna, an ce a ruwan ɗumi za a jiƙa kwalbar, kar a kai nonon wuta."

Na ce, "Ɗiya tara na haifa, babu wanda na shayar da shawarar mai farar riga. Tafi, rana na yi."

Da hantsi yarinya ta fara kuka. Na ɗauko kwalba na ga mai ya taso sama, ƙasa kamar ruwa. Raina bai so ba. Na juye a ƙaramin kwano na aza kan garwashi kamar yadda nake yi da madarar shanu, na tsoma yatsa na ji ɗumi daidai, na mayar cikin kwalba. Ta ja sau biyu ta ƙwalla ƙara, ta ture. Na sake sa mata, ta sake turewa. Haka muka wuni, ina jijjiga tana kuka, bayana kamar zai tsinke. Kashegari ma haka. Uwar ta dawo da la'asar a gajiye, ta tatsa sabo ta ba ta, shi ma ta ƙi sai ɗan abin da aka ɗiga mata. Rana ta uku kukan ya koma kamar na ɗan kyanwa, maɗigarta ta faɗa, zanen goyo kuma tun safe a bushe.

Ni fa na riga na yanke hukunci. A bakin rijiya na faɗa, a gidan biki na faɗa: nonon baƙuwar nan ba shi da kyau, za ta kashe mana ɗiya. Na aika aka kira unguwarzoma, tsohuwar da ta karɓi haihuwar, ta zo ta gwada. Gwajinmu kuwa sananne ne, a jefa tururuwa a cikin nonon. In ta fito da ƙafarta lafiya lau, in ta mutu a raba yaro da uwa a koma masa na akuya.

Mata sun cika tsakar gida lokacin da surukata ta dawo, ranar da wuri. Na riga na ɗumama nonon, na zuba kaɗan a ƙoƙo. Unguwarzoma ta jefa tururuwa. Ko motsi biyu ba ta yi ba ta nannaɗe.

"To kun gani," in ji unguwarzoma. "Wanga ko ɗan kare ba a ba."

Surukata ba ta dubi tururuwar ba. Kwanon da ke bakin murhu take kallo. Ta zo ta durƙusa gabana, kanta a ƙasa, ta ce, "Inna, don Allah ba ni hannunki."

"Mi za ki yi da shi?"

"Ki yi mini haƙuri, Inna. Juya shi kawai."

Ta kama hannuna ta juya cikin wuyan hannun sama, inda fata ba ta ga aiki ba, ta ɗiga mini daga kwalbar. Wallahi sai da na fizge. Kamar an ɗiga mini tafasasshen kunu. Na sake tsoma yatsana a ƙoƙon, ɗumi kawai na ji. Shekara arba'in ina ɗaukar garwashi da shi, ina kwashe tuwo, ashe ya daɗe da mutuwa ban sani ba. Unguwarzoma ma ta tsoma nata ta ce ita ba ta ji komai ba. Wata daga baya ta ce, "Ke da ita ai duk hannun murhu gare ku," aka fara dariya, sai dai ba ta yi nisa ba, don uwar ta buɗe bakin jaririyar kowa ya ga harshen ya sale, dasashi duk ya tashi fari.

Surukata ta zuba ruwan ɗumi a ƙwarya, ta tatsa, ta tsayar da kwalbar a ciki tana juya ta a hankali har man ya haɗe, ta gwada a wuyan hannunta. Bakin ba ya iya jan roba, sai da ɗan cokali muka riƙa ɗiga mata, ni da ita, muna karɓar juna har kusan mako. Yarinya ta rayu. Yau ita ma tana da jikoki.

Na bi gidajen da na kai maganar ɗaya bayan ɗaya na ce ni ce na dafa nonon, na uwar ƙalau yake. Suka ce to, Allah ya kyauta. Amma har surukata ta koma ga Allah akwai matan da ba su yarda ta goyi jaririnsu ba, kuma ta sani, kuma ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni a kan haka ba. Bakin yarinya ya warke a mako guda, abin da na faɗa a bakin rijiya bai warke ba. Tun daga nan in na ga laifi a gidana, sai na fara bincikar abin da ni na yi kafin in ambaci sunan 'yar wani.