Hoton Kaka da Abba a Bakin Tafki

Jiya maƙwabciyata ta shigo aron garin yaji, sai idonta ya faɗa kan hoton da ke jingine a saman firjina. Dattijo ne da farar jamfa da baƙin tabarau, gefensa wani mutum ya harɗe hannuwa a baya, a bayansu kuma tafki kore shar tsakanin duwatsu. Ta ce hoton ya yi kyau, na ce ya yi. Kowa haka yake cewa. Ni kuwa har yau ba na iya kallonsa na minti guda, bari ka ji dalili.

Ina 'yar shekara goma muna zaune a Abu Hail, wata unguwa a ƙasar Larabawa, gida mai ɗaki biyu, Abba yana harkar kago, wato aika wa 'yan kasuwa kaya gida. A shekarar aka kawo Kaka, mahaifin Ummata, daga ƙauye don a yi masa aikin ido. Abba ne ya tsaya tsayin daka, shi ne biza, shi ne zaryar asibiti. Tsakaninsu kuwa surukuta ce irin ta da. Abba ba ya hawa kujera in Kaka yana falo, Kaka ba ya kai loma baki a gaban Abba. Umma 'yar fari ce, ko sunanta Kaka ba ya kamawa. Ni kaɗai yake sakewa da ni. Amarya yake kirana, ni kuma in ce na fasa, wa zai auri tsoho mai jan haƙori?

Ranar da aka cire bandeji Abba ya durƙusa ya tambayi jiki, Kaka ya ce alhamdulillahi, gari ya waye. Likita ya ce sauran ganin zai dawo a hankali. Murna ta hana Abba zama. Ya je ya kama mana kujera uku a motar masu yawon yini guda, wai mutumin da bai taɓa ganin teku ba, da sabon ido zai gan shi. Umma tana jego, ba ta bi mu ba.

Da safe ina miƙa wa Kaka hularsa ya riƙo hannuna.

"Amarya, ba na ganin komai sai fari-fari kamar hayaƙi. Bawan Allahn nan ya sha wahala a kaina. Kada ki bari ya sani."

Me yarinya za ta ce? Na ce to.

Motar cike take da Turawa da 'yan Sin, jagoranmu wani Ba'indiye mai 'yar tuta, bakinsa ba ya gajiya da yalla, yalla, wato mu je, mu je. Ni da Kaka muka tsara, ni in raɗa, Kaka ya faɗa da ƙarfi. A tsohon ginin yaƙi na Fujairah na raɗa masa cewa katanga ce ta dutse da laka, da 'yan tagogi. Sai ya ɗaga sanda ya ce wannan ai ko ƙugun badalar Kano bai kai ba. Abba ya yi dariya har da riƙe ciki.

A Khor Fakkan na ɗan huta, don teku ba ya bukatar tafinta. Ga rugugi, ga ƙarnin kifi, ga iska mai danƙo. Kaka ya tattare wando ya tsoma hannu ya lasa, ya ce ashe da gaske ne gishirin. Amma Abba bai bar ni ba, da ya hango jirgin ruwa sai ya ce Baba ga wani can. Ni kuma in matsa yatsun Kaka, ɗaya, biyu, uku, shi kuma ya ce ai uku ne ma.

Da la'asar muka hau duwatsun Hatta, inda tafkin yake. Ruwa ne kwance, ko motsi ba ya yi. Ni kuwa tun daga bakin teku fitsari ya matse ni, na daure har na kasa. Abba ya tafi sayen ruwan sha, sai na ɗora hannun Kaka a kan ƙarfen shinge, na ce ruwan yana gabansa, kada ya motsa. Na ruga.

Ashe wata mata ta zo da keken jariri, Kaka ya saki ƙarfen ya kauce mata, ya juya bai sani ba. Da na dawo na tarar ya ba tafkin baya, yana fuskantar inda aka ajiye motoci. Abba yana tsaye kusa da shi, gorar ruwa biyu a hannu. Kaka ya ji takunsa, sai ya nuna gaba da sanda.

"Ikon Allah. Ka ga ruwa shimfiɗe kamar tabarma."

In na yi magana na tona Kaka, in na yi shiru ma ya riga ya tonu. Abba ya kalli motocin, ya kalle ni, na sunkuyar da kai. Sai ya ajiye gorunan a ƙasa, ya je ya tsaya gefen Kaka, shi ma ya ba ruwan baya.

"Ƙwarai kuwa, Baba. Ruwa har iya ganinka."

Jagoran ya ɗauka tsayuwar hoto suka yi, ya ɗaga kyamara ya ƙyasta.

Abba bai taɓa tambayata ba, ni ma ban ce uffan ba. Ya yi dabarar mayar da Kaka asibiti da sunan duba ɗinki, Kaka ya ce ya warke, damina ta kusa, gida zai tafi. Abba ba shi da bakin musa masa. Bayan shekara biyu Kaka ya rasu, ganin bai dawo ba.

Yau 'ya'yana ko ƙurji ya fito musu sai duniya ta ji, ubansu ma gatse suke masa. Wani lokaci in ce tarbiyya ta lalace, wani lokaci in ce da Kaka yana da rabin bakinsu, wataƙila da an yi wani abu. Ban sani ba. Bara na yi ƙarfin hali na tayar wa Abba da zancen a waya, sai ya tambaye ni ko yara sun ci abinci.

Maƙwabciyata ta tafi da yajinta tana yaba korewar ruwan. Ban gaya mata abin da mutanen biyu suke kallo ba: bas uku ne da kwandon shara.